Ɓatan Jar Saniya a Tsibirin Tungar Sallau

Ranar Asabar da hantsi aka zo wa Hajiya Rukaiya da labari a rumfarta ta albasa cikin kasuwar Malanville: jandarma sun riƙe ƙanenta Kadiri, wai ya saci saniya.

Wai Kadiri! Mutumin da in ya tsinci allura a cikin jirginsa sai ya bi mutane gida-gida yana cigiyar mai ita. Shekara ashirin yana tuƙa jirgin ruwa tsakanin gaɓar Garu da tsibirin Tungar Sallau, ya kai mutane, ya kawo albasa da shinkafa, ko ludayi bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Su 'ya'yan Na-Allah ne, kuma a garin nan in an ce 'ya'yan Na-Allah an gama magana. Ba su da bene, ba su da mota, amma ana ba su ajiya a tafi Makka a dawo a same ta yadda aka bar ta. Hajiya ta fi ji da wannan suna fiye da haƙorin zinaren da ke bakinta. Ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta figi mayafi, ta nufi ofishin jandarma ranta a ɓace.

Kumandan ɗin mutumin kudu ne, mai ladabi, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana kai saƙo. Ya ba ta kujera ya warware mata zance. Jiya Juma'a mazan tsibirin sun ƙetara Garu sallah. Da suka dawo, jar saniyar Jibirin, makiyayin da ke cin rani a tsibirin da garkensa, ta yi ɓatan dabo. Tsibiri dai ruwa ne ko ta ina, babban jirgi kuma ɗaya ne, na Kadiri, an kuwa gan shi da azahar ya zaga ta baya da kaya lulluɓe da tamfol. Kadiri ya ce albasa ce, amma mai albasar ya bi mota zuwa birnin Kwatano, wayarsa ba ta shiga.

"Na tambayi tsohon mai saniyar, ban da shi wa ke iya kusantar saniyar," in ji kumandan, yana duba takarda. "Ya ce 'ya'yansa, ya lissafa mini su huɗu: Bubakar, Salman, Issufu, Bilki. Mazan suna masallaci, Bilki tana wurin uwarta. Hajiya, in Litinin ta yi ban ga saniya ba, dole in tura ƙanenki kotu."

Kadiri na zaune a kan benci, kansa a ƙasa, ya zama abin tausayi. Da ya gan ta sai ya ɗago. "Yaya, wallahi..."

"Ruhe mini baki," ta ce. "In kai ka sace ta, to ni na yanka ta. Ka ci abinci?"

Bai ci ba. Ta sa aka kawo masa, ta tsaya a kansa sai da ya cinye, sannan ta tare ɗan kabu-kabu zuwa Garu, daga nan wani masunci ya ƙetara da ita a ƙaramin kwalekwale. Hajiya ba ta san kan saniya ba, ko tatsa ba ta iya ba. Abin da ta iya shi ne mutane. Wadda ta shekara talatin tana ciniki da direbobi da dillalai da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito ta san lokacin da baki ke faɗin abu ciki na riƙe da wani.

Tungar Sallau ba wani babban wuri ba ne: fadamar albasa daga gabas, ciyawar burgu daga yamma inda shanu ke kiwo, bukkoki a tudu, sai kogin Kwara da ya rungume su duka. Ta fara cin karo da Bubakar, babba cikin 'ya'yan Jibirin maza, ƙato mai gemu, yana gyaran igiya. Bayan gaisuwa ta tambaye shi halin saniyar.

"Hajiya, wagga saniya ba ta da mutunci," ya ce. "Bara da masu allura sunka zaka, mu huɗu munka kama ta, ta watsar da mu."

"To, ƙaƙa mutum guda zai sa ta cikin jirgi, har shi lulluɓe ta da tamfol ta kwanta lahiya lau?"

Bubakar ya sosa ƙeya. "Ɓarayi suna da asiri."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta bar shi da igiyarsa. In saniya ba ta shiga jirgi ba, da ƙafarta ta shiga ruwa. Shanun tsibiri kuwa sun iya iyo, kowa ya sani, amma ba sa bin baƙo. Sai muryar da suka sani.

Ta wuce bukkar Na'inna, matar Jibirin, wadda ta daɗe tana kai mata nono kasuwa har suka zama ƙawaye. Ta same ta zaune ita kaɗai tana kaɗa nono a cikin gora, idanunta sun yi ja. Hajiya ta zauna a tabarma ta shiga gaisuwa yadda ake yi, ɗaya bayan ɗaya. Ina gajiya, ina maigida, ina Salman, ina Issufu, ina Bilki. Na'inna na amsawa da lahiya lau.

"Ina labarin Husna da ɗan jinjirinta?"

Na'inna ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da kaɗa nononta. Haka take yi kullum in an ambaci wannan suna, Hajiya ta saba gani. Amma yau sai abin ya daki zuciyarta. Husna! 'Ya'yan Jibirin biyar ne, ba huɗu ba. Ita da kanta ta kawo goro ranar sunan yarinyar, shekara ashirin da huɗu ke nan. Husna ce 'yar fari, iyaye kuwa ba sa faɗin sunan ɗan fari. Mutanen gari ma suna yin wannan kunya, amma ta makiyaya ta fi ƙarfi: ba kira, ba hira, ba haɗa ido, in ana lissafin 'ya'ya tsallake shi ake yi kamar babu. Jibirin bai yi wa kumandan ƙarya ba. Lissafi ya yi irin wanda ya saba yi duk rayuwarsa, baƙo kuma ya rubuta abin da ya ji.

Hajiya ta matsa kusa, ta rage murya.

"Na'inna, ƙanena shina hannun jandarma. Ba ni sa ki hwaɗi sunan da ba ki hwaɗi. Ni za ni magana. In gaskiya na hwaɗi, ki ci gaba da kaɗa nononki. In na kauce, ki tsaya."

Na'inna ba ta ɗago ba. Gora na ta kai da kawowa.

"Saniyag ga tana da mai ita. Ran suna anka ba wata jinjira karsana, wagga jikanyar karsanar ta."

Gora bai tsaya ba.

"Mai ita ta yi aure, ta haihu. Bisa al'ada ya kamata a kora mata abinta tun tuni, amma maigida shina jan ƙahwa, don ta hi kowace nono cikin garke."

Sai ma kaɗawar ta ƙara ƙarfi, har Hajiya ta kusa dariya.

"Jiya da maza sunka tahi masallaci, ta zaka da ƙaramin jirgi, ta tsaya bakin ruwa ta yi kira, saniya ta bi ta da iyo."

Nono dai na ta kaɗuwa.

"Kuma Jibirin ya sani."

Gora ya tsaya cik. Na'inna ta ajiye shi, hawaye suka zubo mata.

"Ta ce in gaya mai, Hajiya. Da wane baki? Tun jiya nike buɗe baki ina ruhewa. Na ce mai, saniya ta bi mai ita. Ya ce ai shi na mai ita, kuma ga shi zaune. Kahin in sake dabara har ya aika Bubakar wurin jandarma. Ban yi barci ba, Allah na gani."

Haushi ya zo wa Hajiya har wuya. Mutum na can a tsare saboda mata da miji sun kasa furta suna guda! Amma da ta dubi fuskar ƙawarta sai haushin ya sauka, don ita ma har yau "wannan yaron" take ce wa babban ɗanta, ga shi da furfura a gemu.

Washegari Lahadi ta sake hawa babur, ta sha gargadar hanya har rugar mijin Husna a bayan Madekali, ƙugunta kamar zai rabu biyu. Tun daga nesa ta hango jar saniya a gindin bishiya tana tuƙa, hankalinta kwance, ba ruwanta da tashin hankalin da ta jawo. Husna na tsugune tana tatsa, goyo a bayanta. Da ta ji abin da ya faru sai ta miƙe, ƙwaryar ta kusa kifewa.

"Kawu Kadiri? Shi da ya ƙetara da ni ran da anka kai ni ɗaki? Inna Hajiya, ni ban yi sata ba, abina na ɗauka. Wata bakwai ina jira, ba ni iya tambayar Baffa ido da ido. Amma ba a ɗaure kowa saboda ni. Gobe da ni da ita za mu tahi."

Suka kwana a rugar, suka kama hanya da sassafe. Wanda bai ga shigarsu Malanville ranar Litinin ba an bar shi a baya. Hajiya Rukaiya a gaba, mayafi a kafaɗa, tana taku ɗai-ɗai. Husna a baya da goyonta, ba igiya ba sanda, sai ɗan kira da take yi a hankali, jar saniya na biye da ita kamar akuyar gida. Da gangan Hajiya ta bi ta tsakiyar kasuwa, ta layin masu albasa, don duk bakin da ya ce "ashe Kadiri" ya buɗe ido ya gani. Kafin su kai ofis, rabin kasuwa na bayansu.

An riga an kira Jibirin. Dogon tsoho ne, da rawani da malafa da sanda, yana tsaye a farfajiya. Ya ga saniya, ya ga wadda ke gabanta, nan take ya kau da kai ya dubi katanga.

Hajiya ta yi wa kumandan bayani tiryan-tiryan. Ya saurara, ya jinjina kai, ya ce ya fahimta, su ma a garinsu akwai abubuwan da ba a faɗa. Amma takarda takarda ce.

"Baba," ya ce wa Jibirin, "ka ba ni 'ya'ya huɗu. Ga mace ta zo da saniyarka, ta ce ita 'yarka ce. In ba ka san ta ba, to saniyar sata ce a hannunta, ita da Kadiri duka za su tafi. In ka san ta, ka faɗa da bakinka in rubuta. Wace ce?"

Jibirin ya dubi ƙasa, ya juya sandarsa, ya sake juya ta. Hajiya ta ji bakinta na ƙaiƙayi, amma ta danne, don wannan kaya ba mai ɗaukar masa. Tsohon ya ɗaga ido ya dubi Kadiri da ke kan benci, kwana biyu da riga ɗaya, ya daɗe yana dubansa.

"Mutumin ga bai ɗauki komi ba," ya ce. "Saniya tata ta. Ni na riƙe mata ita hiye da ƙa'ida. Ɗiyata ta, ta hwari."

"Sunanta?"

Mutumin da ke kiran shanu daga wannan gaɓa su ji shi a waccan, yau sai da kumandan ya karkato kunne.

"Husna."

Husna ta ja gefen zane ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Kumandan ya rubuta, ya buga hatimi, ya ce wa Kadiri ya tashi ya tafi gida. Jibirin bai jira an ce masa komai ba. Ya jingine sanda, ya kama hannun Kadiri da hannu biyu a gaban taron nan duka, ya ce da ƙarfi yadda na bayan katanga za su ji: "Na zalunce ka. Ka yahe mini." Kadiri, da yake Kadiri ne, har ya fara ba shi haƙuri shi ma, sai da yayarsa ta harare shi.

Hajiya ta tsaya tana kallonsu, ƙirjinta cike da alfahari, ta rasa ma da wa ta fi yi: da ƙanenta da ya fito fes, ko da tsohon da ya karya kunyar shekara ashirin da huɗu don kada a ɗaure mai gaskiya. Tana cikin haka ta ji an taɓa mata mayafi. Husna ce, ido jawur.

"Inna Hajiya," ta ce a hankali, "ban ji da kyau ba. Da gaske ya hwaɗi?"

"Ya hwaɗi, ɗiyata. Har an rubuta."

Husna ta gyara goyonta, ta saci kallon ubanta sau ɗaya. Shi kuwa ya riga ya mayar da fuskarsa ga katanga, yana share ido da bakin rawani.