Kurciya Ba Za Ta Hau Bango Ba

Saƙon ya shigo wayarta tana tsakiyar goge wuyan wata farar riga. Maman Kurciya ta kafe dutsen guga a tsaye, ta share hannu a zaninta, ta karanta. Cikin waƙoƙi ɗari huɗu da 'yan kai da matasan Afirka suka aika, an zaɓi sittin da za a buga a littafi guda, tata na ciki.

Shekara biyar ke nan tana rubutu a bayan 'yan takardun da ake maƙala wa kaya a shagon wanki da gugar da take aiki, tana tarawa a cikin wani tsohon gwangwanin madara. Sau biyu tana aikawa, ko amsa ba ta samu ba. Bana ce damarta ta ƙarshe, don masu littafin sun ce wanda ya cika talatin ya fita daga sahun matasa, ita kuwa saura mata wata huɗu.

Waƙar a kan 'yarta ce. Kurciya shekararta huɗu, kuma da ƙarancin ji aka haife ta. Sunan ma ya samo asali ne daga gurnanin da take yi tana jaririya. Ranar da aka sa mata na'urar ƙara ji a asibiti, uwar ta durƙusa tana kiranta, amma yarinyar sai ta waiga wajen famfon da ke ɗiga a kusurwa. Kishin wannan famfo Maman Kurciya ta rubuta, baiti goma sha biyu.

Sai da ta kai ƙasan saƙon ta ga sauran. Editar da ta aiko shi ta ce da waƙar za a buɗe littafin, kuma suna son hoton uwa da 'ya a bangonsa, na'urar ta fito sosai. A turo kafin Alhamis.

A gida, Baban Kurciya ya dawo daga wajen walda, ya ji labari, ya ce daga yau sai ya nemi izini kafin ya yi tari, tunda gidan ya yi marubuciya. Yayar Maman Kurciya kuwa, da ke zaune a layin bayansu, ta iso tun kafin a kira ta, har ta zaɓi rigar da yarinyar za ta sa.

Maman Kurciya ta faɗa musu abin da ke damunta. Tun da Kurciya ta shiga makaranta wani yaro ya laƙaba mata "mai rediyo", yanzu ba ta fita sai da hular ulu, ko ana zafi kamar me, tana jan ta har ta rufe kunnen. Yaya ta ce ai shi ya sa ma ya kamata a nuna, don iyayen da ke ɓoye irin waɗannan yara su yi koyi, kuma me ake ɓoyewa da duk layin ba su gani ba? Maganar ba ta wofi ba ce. Maman Kurciya ta juya ta, ta sake juyawa, ranar Laraba ta karɓi izinin awa biyu a wurin aiki.

Shagon mai hoton ɗan ƙarami ne, da labule mai zanen lambu, fitilu biyu masu lema, da wata doguwar kujera da ƙafarta ɗaya ke rawa. Mai hoton mutum ne mai fara'a. Ya zaunar da uwar, ya ɗora mata yarinyar a cinya, ya zare hular ya miƙa wa Yaya, ya juya kan Kurciya gefe kamar mai gyara tulu.

Hannun Kurciya ya tashi ya rufe kunnen.

Mai hoton ya yi dariya, ya sauke hannun, ya koma bayan kyamara. Kafin ya sa ido hannun ya koma. Yaya ta yi rawa, ta yi alkawarin alewa, ta ce 'yar nan taurin kan uwarta ta kwaso kaf. Kurciya ba ta yi kuka ba. Idonta na kan hular.

A karo na uku mai hoton ya matso ya rage murya.

"Madam, ki riƙe mata hannun ta ƙasa, inda kyamara ba za ta kama ba. Daƙiƙa biyu ne."

Ta riƙe. Ɗan tsintsiyar hannun bai fi kaurin yatsunta biyu ba, amma ta ji shi yana ja sama da iya ƙarfinsa, shiru, ba tare da yarinyar ta ko kalle ta ba. Ita ce fa ke cire na'urar nan kullum ta goge, ta canza batir, ta hana kowa taɓawa. Yau kuma ita ce ta danne hannun.

Ta saki. Ta karɓi hular daga hannun Yaya, ta sa wa Kurciya, ta ja ta har ƙasan kunne yadda take so, ta sauke yarinyar daga cinyarta.

"Ɗauke ni ni kaɗai," ta ce wa mai hoton.

"Ke kina da hankali kuwa?" in ji Yaya. "Bango fa aka ce. Shekara biyar kina ƙona yatsu kina rubutu a takardar wanki."

"Waƙar ni na rubuta, Yaya. Kunnen nata ne."

Mai hoton ya ce ta ɗan yi murmushi. Ta ce ya ɗauka haka nan, tana da riguna goma sha ɗaya da ke jiranta.

Washegari, da ganin hoton da ta tura, editar ta kira, ta same ta a bakin teburin guga. Mace ce mai taushin murya, ta yi bayani dalla-dalla: bango shi ke sa a ɗauki littafi, masu tallafa musu sun riga sun ji labarin, kuma hoton zai taimaki yara da yawa. Maman Kurciya ta saurara har ƙarshe, wayar maƙale a kafaɗa, tana ninke wando. Sannan ta ce idan yarinyar ta girma ta iya karanta waƙar, su zo su tambaye ta da kansu. Editar ta ce to ba za ta iya cewa ga abin da kwamiti zai yanke ba, wataƙila ma a sake duba jerin sunayen.

"Ku duba," in ji Maman Kurciya. "In sai da kunnen 'yata waƙar za ta tsaya, ku dawo mini da abata."

Kwana tara ba ta ji komai ba. Yaya ta daina shigowa, sai aike. Baban Kurciya bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba, sai dai ya ƙera wata 'yar kanta ta ƙarfe ya kafa a bangon ɗaki, ya ce ko littafi ya zo ko bai zo ba, gwangwanin madarar nan ya gaji da zaman ƙarƙashin gado. A rana ta goma amsa ta zo, layi biyu: waƙar na nan, amma da ta wani za a buɗe, bangon kuma zane za a yi.

Littafin ya iso bayan ta cika talatin da sati uku. Sai da ta yi ta buɗawa kafin ta sami kanta a shafi na arba'in da bakwai, ga ɗan hoto kamar na katin shaida a ƙasa. Yaya ta leƙo ta kafaɗarta ta ce wannan fuska ai sai ta kori masu saye.

Kurciya ta hau cinyarta, da hularta, ta ɗora yatsa a kan hoton.

"Mama ta yi fushi," ta ce, a hankali, tana fitar da kowace kalma yadda aka koya mata.

"Ta yi," in ji uwar. Ta gyara mata zama, ta kai baki kusa da hular, ta fara karanta mata daga baitin farko.