Gadon Ragna

A gidanmu mun tashi da jin cewa kakata Ragna ba ta gaji komai daga mahaifinta ba. Yayyenta maza biyu sun samu gona da shanu, ita kuwa aka ce tsohon ya bar mata sunaye uku kawai, don ya ji haushin ta auri baƙon da ba ɗan tsibirinmu ba. Mahaifiyata ta rasu da wannan a ranta, ko sunan tsohon, Ommund, ba ta son a ambata.

Bayan rasuwarta ina kwashe kayan ɗakinta, sai na tarar da wasiyyar tsohon a cikin akwatin zare, an rubuta ta a shekarar 1924. A ƙasan takardar ya ce: "'Yata Ragna na bar mata Matkista, da Kalven, da Prestesorga, kada wani ya hana ta." Wato Akwatin Abinci, da Ɗan Maraƙi, da Baƙin Cikin Fasto.

Na duba tsohuwar taswirar tsibirin, babu ko ɗaya. Na je ofishin ƙasa, matar da ke wurin ta bincika har ta gaji. Mako uku ina zaga gonaki ina tambayar tsofaffi, kowa ya girgiza kai. Daga ƙarshe wata ta ce in je wurin Oddleiv, ɗan yayan kakata, tsohon masunci mai shekara tamanin da bakwai.

Na same shi a rumfar jirginsa yana gyaran fatsa. Ya zuba mini kofi, ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa yana karantawa. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Torunn, a tudu kike neman waɗannan?"

"To a ina zan nema, Kawu?"

"Ke da kika yi shekara talatin kina koyar da 'ya'yan mutane! Gobe ki zo da rigar sanyi. Ki ci abinci kaɗan, ban son a ɓata mini jirgi."

Washegari da hantsi muka fita. Teku a kwance, sai tsuntsaye ke bin mu. Mun yi tafiyar kusan rabin awa, yana ta waiwayen tsibirin, sannan ya rage wutar injin.

"Dubi hasumiyar coci. Kin ga tsagin nan a kan dutse?"

"Na gani."

"Jira ta shiga cikinsa."

Jirgin ya ɗan matsa, hasumiyar ta daidaita da tsagin. Ya nuna mini kudu, inda bakin wani ƙaramin tsibiri ya rufe fitilar masu jirgi. Ya kashe injin.

"Ga Matkista, kina zaune a kanta. Akwai tudu a ƙarƙashin ruwan nan, kifi ba ya barinsa rani da damina. Saki fatsarki."

Ban gama sakin zaren ba na ji an fizga. Na jawo wani ƙaton kifi da muke kira torsk, da ƙyar na ɗaga shi, Oddleiv na zaune yana kallo bai taimaka ba.

"Kawu, ashe ba gonaki ba ne."

"Gonar tsibirin nan? Duwatsu da dankali kwando biyu? Babana ya samu rabinta, amma gidan Goggo Ragna muke zuwa cin abinci duk lokacin sanyi. Ommund bai taɓa nuna wa kowa wuraren nan ba, har 'ya'yansa maza. Ita kaɗai yake ɗauka, don ita ce ta iya tuƙi kuma ta iya riƙe bakinta. Mijinta ma sai da ya shekara biyar kafin ta yarda ta nuna masa ɗaya."

"To me ya sa aka ce haushi ne?"

"Ita ta bari a ce haka. Da ta yi gardama, ai sai kowa ya biyo jirginta. Ni ma sai da ƙafafunta suka daina ɗaukarta ta kira ni ta faɗa mini."

Na kalli ruwan. Na tuna yadda mahaifiyata ke murtuke fuska in an yi zancen tsohon, na ji ina ma tana cikin jirgin nan. Oddleiv kuwa yana ta feɗe kifin yana jefa wa tsuntsaye kayan ciki.

Kalven ba ta da nisa, mun same ta ba wuya. Prestesorga ce ta gagara. Ya ce wani fasto ne ya yi shekaru yana nemanta bai samu ba, shi ya sa aka sa mata sunan. Alamarta ɗaya wani farin rumbu ne a gefen tudu, guguwa ta tafi da shi tun Oddleiv yana saurayi, yanzu itatuwa sun cinye wurin. Muka yi ta kai da kawo muna sakin fatsa, ko taɓawa babu.

"Nan kusa take," in ji shi. "Amma kusa ba ta kama kifi. Mu tafi, ƙafata ta fara sanyi."

A hanya na ciro biro zan rubuta alamomin a bayan wasiyyar. Ya harare ni.

"Rubutawa za ki yi?"

"In ban rubuta ba, wa zai sani bayanmu?"

Ya mai da ido gabansa, hannunsa a kan sitiyari. "To rubuta. Amma ban da nuna wa maƙwabcina Sigvart, shekara arba'in yana leƙena da madubin hangen nesa."

Da muka sauka ya ba ni kifi biyu ya riƙe uku, wai ladan direba. Na dafa ɗaya da dankali da man shanu, na kira 'yata da ke birnin Bergen na tambaye ta yaushe za ta samu hutu, kuma ko har yanzu jirgin ruwa yana sa ta amai.