Shaidar Garken Gidaɗo

Safara'u na da wani littafi mai kauri da take tattalinsa fiye da wayarta. Tarihin tambarin kamfanoni ne, da Turanci, ta saye shi hannu na biyu a Sakkwato tun tana ɗaliba. Duk wanda ya shigo ɗan shagonta na zane a kwamfuta da ke bakin tashar Talatar Mafara, mai biredi ne ko mai ruwan leda, sai ta buɗe masa ya zaɓi fasalin da yake so. Yawancinsu su yi ta juya shafi, can su ɗora yatsa su ce, "Irin wanga, amma a ƙara tauraro." Mutanenmu da tauraro sai dai addu'a.

Shafukan farko ne ba mai tsayawa a kansu, har ita kanta. A nan marubucin ya ce tun kafin a san wani abu kamfani, makiyaya ne suka fara tambari, da ƙarfe mai zafi a cinyar saniya. Wannan kam ba sai Bature ya gaya mata ba. Ubanta Gidaɗo garke gare shi a dajin Janbako, kowace saniya da shaidar gidansu a cinyar hagu: jinjirin wata da zane biyu a ƙarƙashinsa. Bara da kaka 'yan bindiga suka kore garken kaf, ko maraƙi ba su bari ba. Iyalin suka tattaro suka kama haya a Mafara.

Tun daga nan Gidaɗo ya zama kamar turmi a tsakar gida, inda aka ajiye shi nan za a same shi. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. In an kawo tuwo ya ci, in an manta ba zai tambaya ba. Malfarsa da sandarsa na rataye a ƙusa suna shan ƙura. Ita ma Safara'u zuciyarta ta dakushe. Ta je shago, ta dawo, ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce "lahiya," shi ke nan. Abu guda ya rage mata da take so a duniya: ta ga tsohon nan ya miƙe don kansa, ko da faɗa zai yi da wani.

Uwarta Hindu ba ta iya zama haka nan ba. Ta shiga yin kindirmo da madarar gari, tana ɗurawa a gorunan roba, ta ce a yi mata tambari ita ma kamar kowa. Safara'u ta jawo littafin, ya buɗe a shafukan nan na farko, ta daɗe tana kallon cinyar wata saniyar Turawa. Sai ta zana jinjirin wata da zane biyu, ta buga a sitika, ta manna. Gorar farko kusa da tabarmar uban ta ajiye ta, ko zai ce wani abu. Ko waiwayawa bai yi ba.

Kindirmon ya karɓu. Direbobi suka riƙa ɗauka zuwa Bakura, ranar kasuwa kuma har Maradun.

Wata rana da hantsi, tana shirin fita, sai ga sallama. Manu ne, tsohon maƙwabcinsu a ruga, wanda ya koma Maradun da zama. Ya shigo yana haki, goro a hannu ɗaya, gorar kindirmonsu a ɗayan. Aka yi gaisuwa mai tsawo, gajiya, iyali, haƙurin zamani, kusan Manu kaɗai yake yinta. Daga nan ya kasa daurewa.

"Gidaɗo, barka da arziki! Jiya nig ga shaidarku kasuwa bisa gorar nono. Nic ce wallahi shanun Gidaɗo sun dawo. Wa ka sa shaidar gidansu ga nonon da ba na shanunai ba? Ko kwana ban yi da kyau ba don murna."

Gidaɗo ya karɓi gorar. Ya bi jinjirin watan da babban yatsansa, ya bi zanen biyu. Sai ya dafa ƙasa ya miƙe, ba wanda ya kama shi. Ya nufi ƙusa ya sauke malfa, ya busa ƙurar, ya ɗauki sanda.

"Safara'u!" Rabon da ya kira sunanta har ta manta yadda yake faɗarsa. "Suna ina? Mi ya hana a hwaɗa min? Saniyata Wule na cikinsu? Tana da ciki sadda anka kore su, yanzu ta haihu."

Ga shi nan tsaye, malfa a ka, ido a buɗe, daidai yadda ta yi ta roƙon Allah ta gan shi. Hindu ta leƙo daga madafa, ta koma.

"Baba," in ji Safara'u, "madarar gari ta. Inna ka dama ta. Ni nis sa shaidar."

Ya tsaya yana kallonta, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa. Da ma fushin ya yi. Can ya cire malfar ya mayar a ƙusa, ya jingine sandar. Ya ce wa Manu ya yi haƙuri da wahalar hanya, a kawo masa ruwa. Ya koma tabarmarsa, gurbin ma bai huce ba.

Ranar ba ta je shago ba. Ta jawo kwandon gorunan ta zauna tana ɓare sitikun da farce, ɗaya bayan ɗaya, tana jira ta ji kuka ya zo, bai zo ba. Hindu ta tsaya a kanta ta ce, "To yanzu mi za a sa? Ba a kai su kasuwa tsirara."

Safara'u ba ta ɗago ba.

"Tauraro za a sa, Inna."