Karan Ɗori a Bakin Auta

Sabon malamin Hausa bai yi wata guda a makarantar ba yara suka gano tsoronsu yake ji. Da ya juya zai yi rubutu a allo, sai wani ya yi kukan akuya daga bayan aji. Rigarsa ta fita ɗaya ce, don haka suka laƙaba masa Riga Ɗaya. Ga shi aikin na gwaji ne, sai ƙarshen zango shugaban makaranta zai ce a riƙe shi ko a sallame shi.

A gidan yayarsa yake zaune, ɗaki ɗaya da ɗanta Auta, wanda shi ma ɗan ajin ne. Auta na da in'ina tun yana ƙarami. A gida ana jiransa ya gama maganarsa, ba mai katse shi. A aji kuwa can jikin taga yake laɓewa, bai taɓa ɗaga hannu ba. Ranar da malamin zai fara aiki yayar ta ce masa, "Ga ɗanka nan, ka sa masa ido."

Ranar darasin rubuta hira a cikin labari, malamin ya cika allo da ƙa'idoji: kowane mai magana da nasa sakin layin, a buɗe zance a rufe shi, waƙafi ya zo kafin maganar. Ba mai saurarensa. Ana cikin wannan hayaniya shugaban makaranta ya shigo, ya ja kujera a baya ya zauna. Ajin ya yi tsit.

Dogo, babban mai kukan akuyar, ya ɗaga hannu kamar na Allah. "Malam, idan mutum maganarsa sarƙewa take yi fa, ya ake rubutawa?" Yana tambaya yana satar kallon taga.

Malamin ya gane inda aka dosa. Ya kuma gane yau ce rana ta farko da idon ajin ya bar kansa.

"Auta, tashi. Me ka karya da shi yau?"

Yaron ya miƙe yana riƙe da gefen tebur. "Bu-bu-burodi da sha-shayi, Kawu."

"A nan Malam nake."

Malamin ya juya ya rubuta maganar a allo yadda ta fito, ya ja ɗan gajeren layi bayan kowane "bu". "Wannan shi ake kira karan ɗori. Duk inda harshe ya yi tuntuɓe, nan za ku sa shi." Ajin ya kwashe da dariya. Shugaba ma ya murmusa, ya yi ɗan rubutu. Malamin ya ji wani sanyi a ransa, sai ya ƙara wa yaron tambaya, ya sake ƙara masa. Da Auta ya maƙale a kan wata kalma har ya kasa ƙarasawa, malamin ya ɗiga ɗigo uku ya ce wannan kuma zarce ke nan. Kowa ya kwafa, ba wanda ya yi kuskure.

Da la'asar, yana goge rigarsa a ɗaki, ya ce wa Auta, "Taimakonka nake yi. Mai in'ina sai ana sa shi magana." Yaron na zaune a bakin katifa yana cire safa, bai ɗago ba.

Daga wannan ranar, kukan akuya ya mutu. Duk darasin da ya fara sanyi, malamin kan ta da Auta. Yara suka daina cewa Riga Ɗaya, suka koma kiran Auta Karan Ɗori, har 'yan ƙananan aji. A gida yaron ya koma amsa komai da kai. Uwar ta tambayi ƙanen nata ko wani abu na faruwa a makaranta, ya ce girma ne ke zuwa masa.

Shugaba ya yaba da darasin har ya ce a sa misalin a jarrabawar ƙarshen zango. Aka buga maganar burodi da shayi ba alama ko ɗaya, aka ce ɗalibai su sa alamomin da suka dace.

Da malamin ya zo kan takardar Auta wajen maki, sai ya ga yaron ya buɗe zance ya rufe daidai, waƙafi da aya duk suna wurinsu. Amma ya zubar da duk gutsattsarin, ya rubuta, "Burodi da shayi, Kawu." Malamin ya daɗe yana kallon layin. Tambayar cewa ta yi a sa alama, ba a gyara magana ba, kuma shugaba kan duba takardun sababbin malamai. Ya ja jan biro ya soke amsar. Da wannan tambayar Auta ya faɗi Hausa.

An riƙe malamin a aiki. Ranar da aka ba da sakamako yayar ta dafa shinkafa da kaza don taya shi murna, sannan ta buɗe katin ɗanta a tsakar gida.

"Darasin kawunka ka faɗi? Mutumin da kuke kwana ɗaki ɗaya? So kake a ce bai iya aikinsa ba?" Ta kama kunnensa ta jawo shi gaban tabarma. "Durƙusa ka ba shi haƙuri. Da baki, ba da kai ba."

Auta ya durƙusa. Ya daɗe yana kokawa da kalmar farko, jijiyar wuyansa ta miƙe, uwar na tsaye a kansa tana jira. Malamin na riƙe da cinyar kaza, ya bari har yaron ya kai ƙarshe.

"Ba komai, Yaya," ya ce. "Zango mai zuwa zan ƙara matsa masa."