Jifan da Sakib Bai Iya Ba

A Kulen Vakuf, inda kogin Una yake ratsa gari kore shar kamar an narkar da kwalba a cikinsa, akwai wani mutum mai suna Sakib, da matarsa Zumreta, da 'yarsu Sanela mai shekara goma. Suna da gida a bakin ruwa, da itatuwan tuffa uku, da sandunan fatsa, da akwati cike da ƙudajen ƙarya waɗanda Sakib yake ɗaurawa a kan ƙugiya da gashin zakara da zare. Takarda guda ɗaya ce kawai ba su da ita.

Shekara ashirin Sakib yana kai baƙi kogi, yana nuna musu yadda ake wurga doguwar igiya a iska har ƙudan ya sauka kan ruwa a hankali, kifi ya ɗauka na gaske ne. Sai masu kula da kogin suka ce daga baɗi ba wanda zai koyar da baƙo sai mai takardar shaidar koyarwa. In bai samu ba, ƙanen Zumreta ya riga ya nema masa aikin gini a Jamus. Sanela kuwa ta san waɗanda suke tafiya can sau biyu a shekara ake ganinsu.

A watan Afrilu aka yi jarrabawar, a filin ƙwallon makaranta, da ɗan guntun jan ulu a madadin ƙugiya. Mai jarrabawar wata dattijuwa ce mai furfura, Malama Vesna. Sakib ya jefa nesa, ya jefa kusa, ya sauke ulun a tsakiyar kowace kawanya da aka ajiye a kan ciyawa. Daga nan ta ce, "To Malam Sakib, yanzu yi mini jifan ɗan koyo. Igiya ta hau kanta ta harɗe. Ka yi sau uku, sannan ka faɗi dalili, ka gyara."

Ya ɗaga sanda ya jefa, igiya ta tafi sumul. Ya sake, ta fi ta farko kyau. Ya yi ta yi har gumi ya keto masa, hannun ya ƙi ɓatawa. Ta rufe littafinta ta ce ya dawo a watan Oktoba.

Maƙwabcinsu Hamdija ya yi wata guda yana dariya. Kullum in ya leƙo shan kofi sai ya ce, "Ina gwani? Wallahi ni ban taɓa jin wanda ya faɗi jarrabawa don ya iya ba sai kai."

"Sha kofinka ka tafi, tsohon banza."

"Ka zo in koya maka. Ni kullum sai na kamo kunnena da ƙugiya, kyauta zan nuna maka."

"Kai ai ba kuskure kake yi ba, bala'i ne."

Sanela tana dariya tare da su, amma hankalinta yana kan maganar Jamus. Ita ce ta fi kowa sanin wannan harɗewar. Shekara biyu babanta yana koya mata, kuma kusan duk jifa uku sai ta zauna kwance ƙulli. Shi kuwa abu ɗaya yake faɗa mata: "Ki dube ni. Haka." Sai ya jefa, igiyar ta miƙe a sama kamar hayaƙin da iska ta ja, ita kuma ta tsaya baki buɗe, ba ta ƙaru da komai ba.

Wata safiya a ƙarshen watan Agusta suka sauka kogi. Farin tururi ya kwanta a kan ruwa, har ba a ganin ɗaya gaɓar. Itatuwan can tsallake kamar suna tsaye a kan gajimare. Nan da can kifi yakan taɓo saman ruwa, zobe ya buɗe, ya yi ta faɗi har ya ɓace. Sanela ta ji kamar ba ta gama farkawa daga barci ba. Ta jefa, igiya ta harɗe ta faɗo a gabanta.

Yau Sakib bai ce ta dube shi ba. Ya daɗe yana kallon ƙullin.

"Yaya kike yin sa?" ya tambaya.

"Baba, ai ba da gangan nake yi ba."

"Na sani. Zo ki riƙe hannuna. Ni zan riƙe sanda, ke ki jefa. Ba zan taimake ki ba."

Ta hau kan wani dutse don ta kai tsawonsa, ta ɗora hannunta a kan nasa. Hannun yana da kaushi da ɗumi, kuma ya sake shi sarai kamar na mai barci. Ta ja baya, ta tura gaba. Igiya ta harɗe.

"Sake."

Ta sake. A karo na biyar ya ce, "Tsaya. Na ji. Akwai inda kike fizga, tun igiyar ba ta gama miƙewa a baya ba. Me kike tunani a daidai nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Tsoro nake ji kada ta faɗi ƙasa a bayana. Ba na ganinta. Sai in yi sauri in dawo da ita."

Sakib ya sauke sandar. Tun yana ƙaramin yaro bai taɓa shakkar abin da igiya take yi a bayansa ba, don haka bai san akwai wannan tsoron ba.

"Ke nan shekara biyu a tsorace kike, ni kuma ina cewa ki dube ni," ya ce a hankali. "To juya kanki ki kalle ta tana tafiya. Ba za ta faɗi ba. Ki jira ta."

Sanela ta juya. Karon farko ke nan da ta ga igiyarta a baya, tana warwarewa cikin farin tururin sannu sannu, kamar ba ta da nauyi. Ta jira ta. Sannan ta tura gaba ba tare da fizga ba, ƙudan ya tafi ya sauka can nesa, ko ɗigon ruwa bai tashi ba.

Daga ranar kullum da hantsi sukan je bayan gida, tsakanin itatuwan tuffa. Ita ta jefa da hannunsa, shi ya kwaikwaya. Hamdija yakan jingina da shinge ya ce, "Malama Sanela, yaya ɗalibin naki? Ya fara lalacewa kuwa?"

"Da sauransa, Kawu. Kansa da tauri."

A watan Oktoba Malama Vesna ta dawo. Ganyaye sun yi ja, ciyawar filin tana jiƙe da raɓa. Sanela ta zauna a kan benci kusa da uwarta, tana murza gefen rigarta. Da aka zo kan jifan ɗan koyo, Sakib ya ja igiya baya, ya fizgo ta da wuri. Ta harɗe ta zube a gabansa. Ya yi na biyu, ya yi na uku.

"Mene ne dalili?" in ji Malama Vesna.

"Ɗan koyo ya sa ƙarfi tun da wuri, bakin sanda ya duƙa, igiya ta hau kanta. Wannan shi ne a hannu. Amma ni ba daga hannu zan fara ba. Zan tambaye shi me yake tsoro."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Wa ya koya maka wannan?"

Ya nuna benci da sanda. Dattijuwar ta kalli yarinyar, ta yi murmushi, ta sa hannu a takarda ta miƙa masa. Zumreta ta sauke ajiyar zuciya ta ce yau sai ta buga wa ƙanenta waya ya ba wani aikin.

A hanyar gida Sanela ce ta riƙe takardar. Ta gane cewa babanta ya daɗe da iya jifa, amma bai iya koyarwa ba sai da ya san inda hannun mai koyo yake ɓata, da abin da yake sa shi ɓatawa.