Kaset ɗin da Ba Ya Shiga Rediyon Kowa

Shekarar da kuɗin mai suka fara zuba, har mai shayi ya sayi babur, Alhaji Barau shugaban ƙungiyar manoman Faskari ya dawo daga Kaduna da na'urar ɗaukar magana. Ya ce daga yau an daina wahalar rubuta bayanin taro, kowa ya faɗi tasa inji ya riƙe. Ba wanda ya kai Harisu sakatare murna, don shi da biro dama zaman haƙuri suke yi.

Na'urar tana da kaset nata na daban, ɗan ƙarami mai kauri, wanda duk duniya ita kaɗai ke karanta shi. Harisu kuwa wannan ne ma ya fi burge shi. Ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba.

Da mahaifinsa Malam Almu ya ji labari a Tafoki, sai ya ce a zo a ɗauki maganarsa, yana so jikoki su ji asalin gidansu daga bakinsa. Rabo maƙwabcinsu ya kawo rediyonsa mai kaset, irin wanda ke kowane zaure. Harisu ya dube shi a wulaƙance, ya ce muryar Baba ta wuce abin da ake jin waƙar biki da shi. Ya ɗauko na'urar ofis a bayan keke, an naɗe ta da bargo. Tsoho ya gyara zama ya yi ta zuba, har da dariyarsa da tarinsa.

A farkon kaka Malam Almu ya rasu. Kafin a yi arba'in, rufin ofis ya yi yoyo a ruwan ƙarshe, na'ura ta sha ta ƙoshi, ta yi shiru. Mai gyara a Ƙanƙara ya buɗe cikinta ya mayar ya rufe. Na garin Sabuwa ya yi ta tura kaset ɗin cikin rediyoyin shagonsa, kowanne ya ƙi. A Kaduna aka ce kamfanin ya fito da sabuwa, kuma ita ba ta cin tsohon kaset. Bayanan taro duk sun tafi, amma ba wanda ya yi kukansu. Harisu ne abin ya ci wa rai, don ya san da hannunsa ya kulle muryar mahaifinsa a ciki.

Ya je ya zauna gaban mahaifiyarsa Suwaibatu, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa mata. Ta karɓi kaset ɗin ta jujjuya.

"Amma Malam yana ciki dai ko?"

"Yana ciki, Inna."

Ta goge shi da bakin zanenta, ta tashi ta nufi ɗaki da shi.

"To a bar mani shi nan. Can ofishinku ruwa na zuba."