Man Mai Koren Murfi

Ni dai ban shiga guruf ɗin nan don sayen komai ba. Shekara biyu ke nan Baba yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ce juyi, ni ce wanki, ni ce ba da abinci a cokali. 'Yan uwana sai dai su bugo waya su ce Allah ya ba da lada. Na gaji da magana da bango, shi ya sa da na ga guruf na masu jinyar iyaye a waya na faɗa ciki.

A can na haɗu da Anti Mai Haƙuri. Sunan da ta sa wa kanta ke nan, hotonta kuwa fure ne. Ta ce ita ma mahaifiyarta take jinya. Ranar da na rubuta cewa na daka wa Baba tsawa don ya kifar da ruwa a katifa, kowa ya hau ni da wa'azi. Ita kaɗai ta biyo ni ta gefe.

"Ƙanwata, ke kin ci abinci yau kuwa?"

Sai da na yi kuka. Tun daga nan, kullum da hantsi in na gama shanya zanin gado sai mu yi hira. Ba ni da wata ƙawa sai ita, ba na jin kunyar faɗa.

Amma ni akwai sa ido. Na lura duk Talata da Juma'a sai ta sako zancen wani man shafawa mai koren murfi, wai shi ya warkar da gyambon bayan mamanta. Har kwalba uku na saya. Sai wata rana ta ce hannun daman maman ne ba ya motsi. Na koma can sama cikin tsohuwar hirarmu, na ga hagu ta ce. Wanda ke juya mutum sau shida a rana ba ya mance wane gefe ne ya mutu.

Na tambayi ƙanena da ke aiki a ofishin talla. Dariya ya yi, mara kunya.

"Yaya, wa ke buɗe waya don ya ga talla? Abokin hira mutane ke nema. To, kamfani sai ya ɗauki ma'aikaci ya zama abokin hirar."

Biri ya yi kama da mutum. Raina ya ɓaci, na tuna duk abin da na faɗa mata wanda ko Baba bai sani ba. Na ɗana mata tarko, na rubuta: "Anti, man nan naki bai yi mana komai ba. Na daina saye."

Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa.

"Ki daina ɗin. Mai arha na kemis ma ya isa, juyin da kike masa shi ne maganin. Ni uwata ta rasu tun ina firamare. Aiki ne, kuma ana karanta abin da nake rubutawa. Amma tambayar ko kin ci abinci, ba su suka sa ni ba."

Na kife wayar. Na ce bari ta ɗanɗana, ita ma ta ji yadda ake ji. Kwana biyu ina fushi, a na uku na sauko. Na gama shanya, na zauna a bakin gadon Baba na rubuta: "Anti, ina kwana?"

Nan take amsa ta zo, da hoton furen nan dai.

"Barka dai, Hajiya! Ko kin taɓa gwada man nan mai koren murfi?"

Ita ba ta taɓa ce mini Hajiya ba.